Ruwan da Jibrilla Ya Ƙi Sha

Sallama gare ku 'yan uwa, tsofaffin masu biye da ni da waɗanda yau ne suka faɗo shafin nan. Masu cika mini waya da "Mardiya ina labari", ku yi haƙuri, ba jan rai nake yi ba. Abin ne ya tsaya mini a wuya, sai da ya ɗan sauka na iya zama in rubuta.

Ga sabbin zuwa, sunana Mardiya, a Tahoua aka haife ni, sana'ata kuma ƙanƙara. Kada ku yi dariya. Inna tana da manyan firigo biyu a rumfar tsakar gida, ni nake ɗaura ruwa da bisap, wato zoɓo, da lamurje a leda, in kuran, wutar lantarki ke nan, bai yi mana halinsa ba. Wanda ya taɓa yin bazara a garin nan ya san ba a raina mai ƙanƙara.

Ta wannan sana'a na san Jibrilla. Pompiye ne, wato mai kashe gobara. Ranar da na fara ganinsa, shi da abokan aikinsa ne suka tsaya ƙofar gidanmu da jar motarsu, sun fito daga wata gobara, baƙi ƙirin da hayaƙi. Shi aka aiko. Ya tsaya gabana ya ƙura mini ido, ya buɗe baki ya rufe. Ni kuwa sai na ɗauka kyauna ne ya ɗauke masa magana, har na gyara ɗankwali. Ashe bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi ne.

Shugabansu, Sarjan Hamid, wani dogon Buzu mai sanyin murya, shi ya sauko ya karɓi ƙanƙarar. Ya ce mini kada in damu, haka wuta take yi musu. Kayan da suke sawa masu kauri ne, suna tare wuta daga waje, amma suna tare zafin jiki daga ciki. In mutum ya daɗe a haka cikin rana, kansa sai ya yi nauyi, ya manta abu, ya kasa zaɓa tsakanin abu biyu, wani ma ya kama faɗa ba dalili. Shi ya sa dokarsu in an fito wuta a tuɓe kayan, a zauna inuwa, a tsoma hannuwa cikin ruwan sanyi har gwiwar hannu, a sha ruwa kaɗan-kaɗan, kuma ba mai tuƙa komai sai hankalinsa ya dawo. Daga ranar suka zama masu sayen ƙanƙarata, Jibrilla kuma ya riƙa dawowa ko ba a yi gobara ba.

To, mu zo kan Asabar ɗin da ta wuce.

Babana, Malam Almustafa, ba mai yawan magana ba ne. Da maganar Jibrilla ta kai gare shi, abu ɗaya ya ce: yana son ya ga yaron da idonsa kafin manyansa su taso daga ƙauyensu Bambeye. Jibrilla maraya ne, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, kawunsa ne ya riƙe shi. Baba ya sa Asabar bayan la'asar. Kuma duk gidan mun san halin Baba, ganin farko shi ne hukuncinsa, ba ya sake zama kan magana sau biyu. Ya kira ƙanensa, Baffa Hashimu, ya zauna tare da shi. Baffa kuwa tun farko ya faɗi ra'ayinsa, wai duk mai kaki sai da ƙwaya yake aiki.

Tun safe na share zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma, Inna ta sa turaren wuta. Na sa atamfata mai ruwan ganye wadda ban taɓa sawa ba, ko da yake na san ba fita zan yi ba, iyakata bayan labule. Na haɗa lamurje mai citta a babban jug na tura can ƙasan firigo. Jibrilla ma ya aiko mini hoton shaddarsa ruwan sararin sama, an goge an rataye. Na ce masa ta yi kyau, amma kada ya cika turare, Baffa na da atishawa.

Rana na tsaka saƙonsa ya shigo:

"Wuta ta kama tarin ciyawa bayan kasuwar dabbobi. Mun hita. Kar ki damu, ina zuwa kan lokaci."

Na rubuta masa, "In ya yi yawa bari in roƙi Inna a ɗaga zuwa gobe." Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba.

Ranar an yi zafin da ko kaji sun buɗe baki sun lafe ƙarƙashin randa. Mai sayen ƙanƙara kafin ya kai kwanar layinmu rabinta ya zama ruwa. Daga tsakar gida ina hango hayaƙi ya miƙe sama, fari sannan baƙi. Ciyawar bazara busasshiya ce, kuma tari-tari ake jibge ta don dabbobi. Na yi ta kai da komo tsakanin firigo da waya har Inna ta ce in zauna, ina sa mata jiri.

Aka yi la'asar. Baba da Baffa suka dawo daga masallaci suka zauna a zaure. Jibrilla bai iso ba. Baffa ya fara duban agogo yana gyaran murya. Sai can na ji tsayuwar babur da sallama.

Na leƙa ta gefen labule. Shaddar ce a jikinsa, amma maɓallan wuya sun saɓa, kuma manyan takalman aiki ne a ƙafarsa. Ya daɗe yana fama da igiyarsu a bakin ƙofa. Warin hayaƙi ya rigaye shi shiga zauren. Abin da ya fi tayar mini da hankali fuskarsa ce. Kowa a zauren gumi yake yi, shi kuwa fuskarsa a bushe, ta yi jajir.

Ya durƙusa nesa da tabarma, kansa a ƙasa.

"Ina wuni, Baba. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Yaya aiki?"

"Alhamdu lillahi." Sai kuma ya sake cewa, "Ina wuni, Baba. An wuni lahiya?"

Baba da Baffa suka dubi juna. Baba ya amsa masa karo na biyu kamar bai lura ba, sannan ya tsiyaya lamurjen da Inna ta aika, ya tura kofin gabansa.

"Ka sha rana. Sha ruwa tukuna."

"Alhamdu lillahi, Baba. Na ƙoshi."

Ku da ba 'yan nan ba, bari in faɗa muku. A wajenmu suruki ba ya ci ba ya sha a gaban surukansa. Ana miƙa masa, shi kuma ya ƙi, kowa ya san haka ake yi, kuma ƙin shi ne ladabin. Mutanen ƙauye sun fi mu riƙe wannan, Jibrilla kuwa tarbiyyar ƙauye ce da shi har ƙashi. Ni kaina da wata rana ce da na ji daɗi. Ranar kuwa ina kallon raɓa tana gangarowa a jikin kofin, ina kallon leɓunansa da suka tsage, kamar in yi ihu.

Baffa Hashimu ya karɓi magana.

"To samari, wa za shi zo nema maka aure?"

"Babana."

"Babanka? An ce muna ya rasu."

Jibrilla ya ɗaga kai ya dubi Baffa kamar yana neman inda ya san shi. Harshensa ya yi nauyi.

"Shina gona. In ya taso... za shi zo."

Ni na san yadda Jibrilla yake maganar mahaifinsa, ba ya ambatonsa sai ya yi masa addu'a. Jin ya ce yana gona sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Baffa ya matsa kusa ya leƙa idanunsa, ya koma ya jingina da bango.

"Yaya, mi nic ce maka? Dubi idonai. Yaron ga a buge shike. Tramol na, ba wani abu ba."

"Wa ka buge?" in ji Jibrilla, da wata murya mai kaushi wadda ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Ya yunƙura zai tashi, gwiwarsa ta ƙi, ya dafe ƙasa da hannu biyu.

Daidai nan wayata ta yi ƙara a hannuna. Sarjan Hamid. Na ja baya zuwa rumfa na ɗauka.

"Mardiya, Jibrilla na nan wajenku?"

"Shina zaure. Ba shi daidai, Sarjan. Ba shi zuhwa, kuma ya ce babanai na gona."

"Na ce shi zamna inuwa, na juya baya yas sulale. Ji nan. Ki samu ruwa da ƙanƙara, ki tsoma hannuwanai, ki jiƙa mai wuya da kai. In shina iya haɗiya ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Yanzu, ba sai na iso ba. Ga mu nan tahe."

Na zuba ruwa a babban bokiti, na yi ta yaga ledojin ƙanƙara da haƙori ina juyewa. Na ɗauki bokitin zan nufi zaure, Inna ta riƙe mini gefen zane.

"Ina za ki? Gaban ubanki? Ke ba ki da kunya?"

"Inna, in ban tahi ba mutuwa za shi yi."

Ta dube ni, ta dubi bokitin. Ta saki zanen, ta ɗauki mayafinta ta biyo ni.

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku nauyin labulen nan ba. Tunda na girma ban taɓa ambaton sunan saurayi a gaban Baba ba. Ga ni na shigo zaure ba a kira ni ba, na durƙusa gaban namijin da ba a ba ni ba, na kama hannuwansa biyu na nannaɗe masa hannun riga na tsoma su cikin bokiti. Fatarsa zafi kamar murfin tukunya. Ina jin Baffa yana salati a bayana, yana cewa yau ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Ban juya ba. Na sani sarai wataƙila da hannuna nake rushe auren da nake nema, amma na ci gaba da ɗibar ruwa ina zuba masa a ƙeya, shaddar nan ta jiƙe sharkaf.

Inna ta miƙo kofin ruwa. Na kai bakinsa. Ya kau da kai.

"Jibrilla, sha."

Ya sake kau da kai, idonsa ya nufi wajen da Baba yake. Mutumin da ya manta mahaifinsa ya rasu, ya manta ya riga ya yi gaisuwa, bai manta cewa ba a sha a gaban suruki ba. Kunyar nan kaɗai ta rage masa a kai, kuma ita ce take neman kashe shi. Hawaye suka zubo mini, na haushi ne ko na tausayi, har yau ban tantance ba.

Sai na ji motsin Baba. Ya tashi, ya ɗauki takalmansa, ya kama hannun Baffa.

"Taso, Hashimu."

"Yaya, ka bar ɗiyarka da..."

"Taso nic ce."

Suka fita ƙofar waje. Inna ma ta aje mini kofin ta koma bayan labule. Daga waje muryar Baba ta shigo, a hankali, kamar yana lallashin ƙaramin yaro:

"Yaro, mun hita. Ba kowa nan. Sha ruwa."

Ya sha. Kurɓi ɗaya, ya tsaya, ya sake. Ina riƙe masa da kofin.

Ba a daɗe ba motarsu ta iso. Sarjan Hamid ya shigo da wasu biyu, suka tuɓe masa rigar, suka ɗauke shi. Kafin su tashi Baffa ya tare Sarjan a ƙofa. Ina tsaye cikin zaure, ina jin komai.

"Kai ne babbansu? Hwaɗa muna gaskiya, mi yaron ga ka sha?"

"Ba shi shan komi, Alhaji, ko taba. Zahi na."

"Zahi? Mu duka cikin zahin muke, ba mu ce matattu na gona ba."

"Ku ba ku wuni cikin kayanmu ba gaban wuta," in ji Sarjan, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Abin da ad da wuya, wanda zahi yak kama ba shi sanin ya kama shi. Shina jin shi lahiya lau. Yau ma haka anka yi. Shi ka riƙe da tiyon ruwa a gaba. Iska taj juya, nib ba da umurni a ja baya, kowa yaj ja. Shi ya ji ni, ya ɗaga min hannu, sannan yan nuhi cikin wutar. A ganinai baya shika tahiya. Da bel ɗin ƙugunai nij jawo shi."

Ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan ɓangaren. Ni abin da na sani shi ne mantuwa a gaban firigo, abin dariya da nake ba ƙawayena labari.

Baffa ya yi ƙwafa, ya ce shi dai bai gamsu ba. Baba ne ya yi tambaya, ita kaɗai ya yi duk yammacin:

"Wanga abu, ya saba hwaruwa?"

Sarjan ya ce:

"Kowace bazara sai ya taɓa wani. Ya taɓa ni ni ma. Muna kiyayewa, amma wuta ba ta jiran mutum shi huce."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Motar ta tafi.

Bayan magariba Sarjan ya aiko mini da saƙon murya cewa an yi masa ƙarin ruwa, ya dawo hayyacinsa, yana barci. Na yi hamdala. A gidan kuwa ba wanda ya ce mini uffan. Inna ta shanya atamfata, Baffa ya tafi ko sallama bai yi ba. Na zauna ina jiran hukunci iri biyu, na Jibrilla da nawa.

Da safe ina ɗaura bisap a rumfa Baba ya fito da tabarmarsa ya zauna kusa da ni, abin da bai saba ba. Na bar abin da nake yi na durƙusa.

"Mardiya."

"Na'am, Baba."

"Abin da kinka yi jiya, ban ji daɗinai ba. Amma da ba ki yi ba da na hi jin ciwo. Wagga magana ta wuce."

Na sunkuyar da kai.

"Yaron ga ba mashayi ba na. Wanda hankalinai yab bace amma kunya ba ta bace mai ba, an yi mai tarbiyya. Na ba shi ke. Manyanai su zo."

Wallahi 'yan uwa, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Har na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu.

"Amma sai ya aje aikin ga. Shi nemi a maishe shi wani wuri, ko shi bari gaba ɗai. Ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da kainai ka ce mai baya, alhali gaba shika tahiya."

"Baba, aikin ga shi ne ranai. Tun shina yaro..."

"Na sani."

Na so in yi gardama. Na shirya kalmomin ma: cewa aikin taimako ne, cewa rai a hannun Allah yake, cewa da ba su je ba jiya da wutar ta shiga gidajen mutane. Duk gaskiya ne. Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. Da Baba ya kafa sharaɗin nan, a can ƙasan zuciyata daɗi na ji. Tun da Sarjan ya ambaci bel ɗin nan nake ganinsa a idona, hannu yana miƙewa ya kama, wata rana kuma hannun ya makara. Ni da na tsallake labule don in kare shi, ni ce nake son a raba shi da abin da ya fi so. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Baba yana ta kallona. Da ya tashi zai naɗe tabarma sai ya ce:

"Na ga idonki jiya, sa'ad da Sarjan ka magana. Ke ba ki iya hwaɗa mai. Ki ce ni nic ce. In za shi ji haushi, shi ji nawa."

Ya shiga ɗaki ya bar ni da leda a hannu. Ashe duk ya karanta ni. Sharaɗin nan ba don kansa ya kafa shi ba, nawa ne ya ɗauka ya ɗora a kansa.

Ban gama share hawaye ba wayata ta yi motsi. Jibrilla ne.

"Mardiya ina kwana. Na warke sarai, kar ki damu. Sarjan ya ce sai na huta kwana biyu kahin in koma."

Wani saƙon ya biyo baya:

"Ban tuna komi ba daga sa'ad da nit tsaya da babur ƙohwar gidanku. Na dai gaida Baba da kyau ko? Mi yac ce?"

Na rubuta, "Baba ya ba ka ni." Na tura. Nan take ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, na san murna ce ta hana shi haɗa magana. Kafin ya gama na rubuta na biyun: "Amma Baba ya ce sai ka bar aikin wuta."

Na daɗe ina kallon layin nan. Hanya ce a share, Baba da kansa ya share mini ita. Jibrilla ba zai taɓa sani ba, kuma ba zai taɓa ganin laifina ba. Sai dai zan zauna da shi shekara da shekaru, duk ranar da jar mota ta wuce ya bi ta da kallo, ina gefensa ina taya shi cewa ai Baba ne.

Na goge "Baba ya ce". Na rubuta, "Amma ina son ka bar aikin wuta. Ni ce nike so, ba kowa ba." Na tura kafin zuciyata ta canja.

Alamar nan biyu ta jikin saƙon ta koma shuɗiya, ya karanta ke nan. Rubutun da yake yi ya tsaya cak. Na zauna a rumfa har bisap ya huce a roba ban ɗaura ba, kuma har yau da nake rubuta muku bai amsa mini ba.